Ku biyar za ku haɗa jari ku fara gyaran shinkafa? Ku gama maganar shugaba tukunna

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na karanta tambayarka, ka ce ku biyar ne abokai tun makaranta, kuna so ku haɗa kuɗi ku shiga harkar shinkafa, ku dinga sayen shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, wajen Kura ta jihar Kano ku yi gumi, wato a jiƙa ta a turara a shanya, ku kai inji a cashe ku zuba a buhu ku sayar, biyu daga cikinku ba sa gari ɗaya yana aiki a Legas ɗaya a Abuja, kuma abin da ke damunka shi ne yadda za ku tsara shugabanci da yadda za ku dinga jin juna don kar abota ta lalace. Wallahi na ji daɗi da ka yi wannan tambayar tun kafin ku tara kuɗin, don yawanci sai an riga an ɓata ake zuwa neman shawara. Na daɗe a wannan sana'ar kuma da haɗin gwiwa na shige ta, har yau ma ba ni kaɗai ba ne, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Asara ba ta cika raba abokan kasuwanci ba. Na ga waɗanda farashi ya karye musu suka faɗi sosai, suka yi haƙuri suka sake ɗaura ɗamara kuma suna tare har gobe. Abin da ke raba mutane zargi ne, shi kuma zargi ba ya shigowa sai inda aka yi shiru. Mutum yana Legas ya tura kuɗin da ya daɗe yana tarawa, wata ɗaya ba labari, wata biyu ba labari, in ya kira a ce masa ai komai lafiya lau alhamdulillah, to ko waliyyi ne sai zuciyarsa ta fara saƙa masa wani abu, ballantana ga mata ko yayye a gefe suna tambaya wai ina labarin kuɗin nan naka. Duk tsarin da zan faɗa maka manufarsa ɗaya ce, a toshe ƙofar zargi.

Maganar shugaba, mutum ɗaya za ku naɗa. Ba biyu ba, ba kwamiti ba. Na san abin da za ku ce, ai kuɗinmu daidai ne kowa da hakkinsa, gaskiya ne kowa da hakkinsa a dukiya da riba, amma gudanar da aikin yau da gobe dole ya zama a hannun mutum ɗaya. Annabi SAW cewa ya yi in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, tafiya ma kenan, ina ga dukiyar mutane. Kuma ita shinkafa ba ta jira, dillali zai kira ka da safe ya ce ga kaya sun sauka masu kyau daga Haɗejiya ko Tudun Wada, in ka tsaya sai ka ji ta bakin mutum huɗu wanda ɗaya yana ofis wayarsa a kashe, kafin azahar wani ya kwashe.

Wa za a naɗa? Nan ne ake kuskure sosai saboda kunya irin tamu. Sai a ba wanda ya fi shekaru, ko wanda ya fi zuba kuɗi, ko wanda ya kawo shawarar tun farko don kar ransa ya ɓaci. Ni a wurina sharaɗi uku ne. Ya zama zai tsaya a wurin da ƙafarsa kullum, ba mai aikin gwamnati da zai leƙo bayan an tashi ba. Ya san shinkafa, ko aƙalla ya yarda ya zauna ƙarƙashin waɗanda suka sani ya koya, ya iya damƙar shanshera ya gane ta bushe ko da saura, ya gane mai ƙaiƙayi da tsakuwa da wadda aka yi wa algus a ƙasan buhu. Na ukun kuma shi ya fi wuyar samu, ya zama mutum ne da zai iya buɗe baki ya ce jama'a yau an yi asara, ba tare da ya ɓoye yana jiran ya cike gurbin a ɓoye ba. Akwai mutanen kirki masu amana da ba sa iya faɗin mummunan labari, irinsu ba ɓarayi ba ne amma ƙarshe sunan ɓarawo ake kiransu da shi, saboda sun rufe ƙaramar asara da bashi, bashin ya haifi wani.

Sannan ku yanka masa albashi. Dan Allah kar ku tsallake wannan. Kar ku ce ai shi ma mai jari ne nasa ne, a'a, shi yana cikin rana da ƙurar ɓuntu tun safe har magariba ku kuna wuraren aikinku kuna karɓar albashinku, ƙarshen shekara a raba riba daidai, wannan ba adalci ba ne kuma ko bai faɗa ba yana ji a ransa. Daga nan ne ake fara cewa bari in ɗan ɗauki na mai, bari in ɗan ɗauki na cefane ai ni ke wahala, ba a rubuta ba, shikenan an buɗe ƙofa. Albashinsa daban a matsayin ma'aikaci, rabonsa na riba daban a matsayin mai jari. Amma ku zauna da malamin da ya san babin tarayya da ƙiradi, wato wani ya ba da jari wani ya yi aiki a raba riba, ya duba muku tsarin, don akwai bayanai a mazhabarmu kan yadda riba ke bin jari da kuma ladan wanda ke aiki. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne asara tana bin gwargwadon jarin kowa, kuma ba a yanka wa wani riba tsayayya a ce duk wata za a ba shi kaza ko an samu ko ba a samu ba. In ɗayanku ya ce shi dai a tabbatar masa uwar kuɗinsa ba za ta taɓu ba, to wannan ba abokin tarayya ba ne, mai ba da bashi ne, ku gane haka tun yanzu.

Bai wa shugaba iko ba ya nufin a sakar masa komai. Ku ja masa layi da lamba, ba da baki ba. Misali ku ce duk abin da bai wuce naira kaza ba, sayen kaya na yau da kullum, biyan masu gumi da 'yan dako da kuɗin inji da itace da buhuna, ya yi abinsa ba sai ya tambayi kowa ba, rahoto kawai zai bayar. Amma akwai abubuwan da ko na naira ɗaya ne sai an zauna, cin bashi da sunan kamfani, sayen inji ko fili, ba wani kaya bashi mai yawa, shigo da sabon mutum cikin jari, da ɗaukar ɗan uwan wani aiki. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, ƙanin abokinka in ya zama mai kula da sito ya yi ba daidai ba korarsa sai ta fi komai wuya. Ku kuma yanke tun yanzu in an zo ƙuri'a da kai ake ƙirgawa ko da yawan jari. In kuɗinku daidai ne kun huta, ku biyar ne ba za a yi kunnen doki ba. Kuma shugabancin a sa masa wa'adi, duk shekara a zauna a duba, in ya yi kyau ya ci gaba, in bai yi ba a canza ba tare da an ce an ci mutuncin kowa ba tunda dama haka aka rubuta.

Wanda ke sayen kaya kar ya zama shi ke riƙe kuɗi, kuma kar ya zama shi ke rubuta littafi. A cikin ukun da ke gari, ɗaya ya zama manaja wato shugaban, ɗaya ma'aji, ɗaya kuma ya riƙe lissafin sito, buhu nawa ya shiga buhu nawa ya fita. Ba don ana zargin wani ba, don a kare shi ne, mai gaskiya ma ya fi kowa son a raba masa wannan nauyin. Kuma kuɗin kasuwanci kar ya kwana a akawun ɗin mutum na kansa ko na kwana ɗaya, na ga yadda wannan ya haɗa aminai faɗa alhali ba wanda ya ci ko kwabo, kawai kuɗin kwastoma ya shigo ya cakuɗe da kuɗin makarantar yara aka kasa warwarewa. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku karɓi lambar haraji ku buɗe asusu da sunan kasuwancin, a sa sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita, kuma ku nemi banki ya sa alat ya dinga zuwa wa fiye da mutum ɗaya, in bai yiwu ba ma'aji ya dinga tura bayanin asusun duk ƙarshen wata kowa ya gani. In kuna gudun kuɗin ruwa akwai bankunan Jaiz da TAJ, su ba sa harka da shi.

Kan rajistar, rajistar suna kawai ta fi sauƙi da araha, amma ku sani a irinta in bashi ya hau kan kasuwancin ana iya bin ku har dukiyarku ta gida. In kun yi kamfani mai iyakantaccen alhaki, wato limited, kamfanin daban ku daban, kuma hannun jarin kowa yana rubuce a hukumance, ga mutum biyar da wasu ba sa gari ni shi nake ba da shawara ko da ya ɗan fi tsada. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abubuwa da yawa ga ƙananan kamfanoni, har mutum ɗaya ma yana iya buɗe nasa yanzu. In kuma wata rana za ku buga sunanku a buhu ku shiga shaguna to akwai maganar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, amma wannan ba ta yau ba ce.

Yarjejeniya a rubuce, da shaidu, da lauya in da hali. Na san yadda ake ji, sai ka ga kamar in ka ce a rubuta kana nufin ba ka yarda da abokinka ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara faɗa wa, waye a cikinmu ya kai su amana? Abin da mutane ke rubutawa yawanci shi ne wane ya kawo kaza wane ya kawo kaza, su tsaya nan. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne fita. In ɗayanku ya ce zai yi aure yana son kuɗinsa, wata nawa zai ba da sanarwa, kuma yaya za a ƙiyasta rabonsa, da kuɗin da ya zuba ko da darajar kasuwancin a ranar? Zai iya sayar wa bare ko sai ya fara tallata muku? Ku rubuta cewa ba a cire jari lokacin kaka, don a lokacin duk kuɗin yana cikin shanshera a sito, in aka matsa sai an sayar da kaya a farashin banza kowa ya cutu saboda mutum ɗaya. In ɗayanku ya rasu fa, Allah ya sa mu cika da imani, magada za su shigo ne ko za a lissafa a ba su hakkinsu, cikin wata nawa? Na ga inda marayu da abokan mahaifinsu suka kai ga kotu, kuma duka ɓangarorin mutanen kirki ne, takarda ce kawai babu. Ku rubuta yaushe ake raba riba da kaso nawa ake mayarwa cikin jari, da wanda zai lissafa zakka in shekara ta zagayo. Ku kuma ambaci dattijo ɗaya ko biyu da dukkanku kuke jin nauyinsu, waɗanda za a kai wa magana in ta gagara, tun yanzu da kuke dariya da juna za ku iya yarda da mutum ɗaya, ranar da aka ɓata duk wanda wani ya kawo ɗayan zai ce nasa ne.

To yanzu maganar sadarwa, wadda ita ce rabin tambayarka kuma a ganina ita ce babba. Ku buɗe guruf na WhatsApp na kasuwancin kaɗai, ba gaisuwar Juma'a ba bidiyon siyasa ba muhawarar ƙwallo, wannan ku bar shi a tsohon guruf ɗinku na abokai, don in aka cika shi da surutu ranar da aka turo magana mai muhimmanci wani zai ce bai gani ba kuma da gaskiyarsa. Ku tsayar da rana ɗaya a sati ta rahoto, mu Alhamis da daddare muke yi. Rahoton ba wani dogon turanci ba ne, buhu nawa aka saya a nawa, nawa aka yi gumi, nawa aka cashe kuma buhu nawa ya fito, nawa aka sayar, wa ake bi bashi nawa, nawa ke banki nawa ke hannu, sai a ɗauki hoton shafin littafin da rasit a tura. Ko ba a yi cinikin komai ba a satin a turo a ce ba a yi ba. Amfanin tsayayyar rana shi ne na nesa ba sai ya tambaya ba, don tambayar ita ke da nauyi, shi yana jin kunyar ya ce ina lissafi, manaja kuma in an tambaye shi sai ya ji kamar ana tuhumarsa. In rahoto yana zuwa da kansa an ɗauke wa kowa wannan nauyin. Kuma ku faɗa wa juna tun ranar farko cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, duk wanda ya ga lambar da bai gane ba ya tambaya a fili, ba fushi.

Ku koya wa na Legas da na Abuja lissafin sana'ar kanta, in ba haka ba rahoton ba zai musu amfani ba. Su san cewa shanshera kilo 100 ba ta ba da shinkafa kilo 100, abin da ke fitowa yana tsakanin 60 da 65 ne in kaya masu kyau ne, sauran ɓuntu ne da dusa da karyayya da datti, kuma in an sayo ta da danshi tana raguwa in ta bushe. Wanda bai san wannan ba in ya ga an sayi buhu kaza an samu ƙasa da haka sai ya ɗauka an yi masa wayo. Su zo ko sau ɗaya su tsaya tun daga jiƙo da turarawa da shanya har bakin inji su gani da idonsu. Kuma duk wata uku a ƙirga sito buhu bayan buhu, ɗaya daga cikin na nesa yana tsaye.

Saƙon murya yana da daɗi amma ba a yanke hukunci da shi. Ku yi waya ku yi mitin ku yi musu yadda kuke so, amma in an gama mutum ɗaya ya rubuta a guruf, mun amince za a yi kaza da kaza, wane zai yi kafin ranar kaza, kowa ya rubuta na amince. Bayan wata shida ba wanda zai koma ya saurari murya ta minti tara yana neman inda aka ce a ba wane bashi. Mummunan labari kuma ba ya jiran Alhamis, ruwa ya daki shanya, mota ta lalace da kaya a hanya, kwastoma ya gudu da kuɗi, a ranar za a faɗa kafin wani ya ji a bakin bare. Mutum yana iya haƙuri da asarar dubu ɗari biyar in kai ka faɗa masa, amma ba zai manta da ta dubu hamsin da ya ji a wajen direba ba.

Abin da na fi tsoro a haɗin mutum biyar shi ne ƙananan zama a gefe. Biyu su kira juna su tattauna na uku, kafin mitin an riga an haɗa kai, shi kuma yana shigowa ya ji iskar ta canza. In kana da magana kan manaja ka kira shi kai da shi, in ba ta warware ba ka kawo ta gaban kowa. Haka nan wajen ma'aikata da kwastomomi baki ɗaya ne, na manaja. Ba zai yiwu na Abuja ya zo hutu ya shiga wurin aiki ya ce wa yara a daina kaza a yi kaza ba, ko ya yi wa abokinsa alkawarin ragi a waya. In ya ga gyara ya faɗa wa manaja a keɓe. Masu gumi da lebura in suka gane iyayen gida biyar ne kowa da maganarsa, za su dinga bin wanda maganarsa ta fi musu sauƙi, kuma ba laifinsu ba ne. Sannan maganar gida, duk wanda zai ɗauki buhu don iyalinsa ko surukai ko azumi ya zo, a rubuta da sunansa a farashin da aka yarda a cire a rabonsa, ko shugaban ne.

Wannan kasuwar tana juyawa da abubuwan da ba ku da iko a kansu, shi ya sa nake ta nanata a ba mutum ɗaya ikon motsi da sauri sauran kuma su dinga sanin halin da ake ciki. Da aka rufe boda a watan Agustan 2019 shinkafar gida ta yi daraja kowa ya ruga harkar. Farkon 2023 canjin kuɗi ya zo takardar naira ta ɓace, manomi a ƙauye ba ya karɓar tiransifa, wanda ke da tsabar kuɗi a hannu shi ya sayi kaya. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya tashi. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci har da shinkafa, daga baya farashi ya sauko, waɗanda suka cika sito da tsada suka ji a jikinsu. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, haɗin da ya tsira shi ne wanda tun kafin abin ya faru kowa ya san nawa ke sito kuma a nawa aka saya, don haka da asarar ta zo ba wanda ya ce yaushe aka yi haka ban sani ba.

Shawarata kar ku sayi inji a shekarar farko. A Kura da kewaye akwai masu inji da za ku kai a cashe muku ku biya kuɗin casa a kan kowane buhu, akwai mata da suka ƙware a gumi. Ku fara da wani kaso na kuɗin, ku juya shi zagaye biyu ko uku, ku ga yadda manajan yake, ku ga ko rahoton Alhamis yana zuwa ba sai an roƙa ba, ku ga waye a cikinku ke tayar da hankali in an samu ƙaramar faɗuwa. In tsarin ya zauna sai a ƙara jari a fara maganar inji da fili, lokacin kun san kanku a kasuwa ba a zaman hira kaɗai ba.

Abu ɗaya ne ban gani a tambayarka ba, a cikin ku ukun da ke gari waye zai ajiye abin da yake yi ya tsaya a kan wannan gaba ɗaya? In akwai shi, ku zauna wannan satin ku yanka masa albashi ku rubuta iyakar ikonsa kafin kowa ya tura ko sisi. In kuma duk kuna da wasu ayyukan kuna tunanin za ku ɗauki yaro ku bar masa, to ku dakata da tara kuɗin har sai kun samu wanda zai tsaya. Ka dawo ka faɗa mana yadda kuka yi, in kuna son ganin yadda muke tsara shafin rahoton sati zan rubuto maka shi. Allah ya sa albarka ya haɗa kanku.